Yadda Manomi Zai Gane Abin Da Ya Kama Albasarsa

Ya ku manoman Farin Dutse, da na sauran ƙasar Gwaram da Birnin Kudu, masu shuka albasa a fadama ko a ɗan lambun bayan gida, ga wata magana da ta shafi dukiyarku. Sau da yawa mutum yakan ga lawashi ya soma fari ko ya bushe daga sama, sai ya ce albasa ta kamu, ya tafi kasuwa ya sayo maganin feshi duk wanda mai tebur ya miƙo masa. To, ku sani abubuwa da dama ke busar da lawashi, kowanne kuwa da maganinsa dabam. Maganin ƙwari ba ya kashe ciwon da funfuna ke kawowa, kuma babu feshin da zai ta da albasar da gindinta ya riga ya ruɓe. Saboda haka kafin ku fid da ko sisi, ku duba wurare uku: wuyan albasa, da jikin ganye, da gindi.

Ku fara da wuya. Ku tafi lambu da sassafe, ku tsuguna, ku buɗa tsakanin sababbin ganyaye inda suka haɗu. In kun ga waɗansu 'yan ƙwari sirara, masu ruwan ɗorawa ko ruwan ƙasa, waɗanda ba su kai ƙwarkwata girma ba, suna gudu suna ɓuya, to, kun sami babban maƙiyin albasar rani. Turawa suna ce da su tirifs. Tsawon ɗaya bai fi milimita 1 da 'yan kai ba, shi ya sa mai duba lambu a tsaye ba ya ganinsu. Wanda idonsa ya yi rauni ya shimfiɗa farin ƙyalle a gindi ya kaɗa lawashin a kai, zai ga suna motsi. Su kan kankare fatar ganye su tsotse ruwansa, sai ganyen ya yi zane-zane fari mai ƙyalli kamar an yayyafa toka, da ɗigo-ɗigo baƙi na kashinsu. Cikin zafi, daga ƙwai zuwa babba mako 2 ne zuwa 3, don haka suna yin yawa ƙwarai daga Fabrairu zuwa Afrilu, sa'ad da hunturu ya wuce, bazara ta kawo kai. Ruwan sama yakan wanke su, amma da rani ba mai wanke muku sai ku. Babbar dabara ita ce dashe da wuri. Wanda ya dasa cikin Nuwamba, albasarsa ta riga ta yi kai kafin rundunarsu ta taru. Wanda ya yi jinkiri har Janairu ya wuce, shi ke ciyar da su. In sun riga sun shigo, ku daka 'ya'yan darbejiya, kamar giram 50 ga kowace lita ta ruwa, ku jiƙa ya kwana, ku tace, ku sa ɗan sabulu, ku fesa da maraice, ku tabbata ya shiga cikin wuyan nan inda suke ɓoye. Feshin da ya tsaya a saman ganye asara ce.

Akwai kuma tsutsa mai shiga cikin kogon lawashi ta cinye naman ciki, ta bar fatar waje kamar takarda. Ku tsaga ganyen, za ku gan ta da kashinta. A ƙaramin lambu tsincewa da hannu ta isa.

Sa'an nan ku dubi jikin ganye. In kun ga tabo mai tsawo, wanda ya soma ƙarami da farin tsakiya, kāna ya faɗaɗa ya zama shuɗi-shuɗi mai jaja-jaja, da zobe cikin zobe, gefensa rawaya, har ganyen ya karye daga wurin, wannan ba aikin ƙwaro ba ne. Wata irin funfuna ce wadda iska ke ɗauke da ƙurarta, tana kuwa son raɓa da laima. Takan fi kama tsofaffin ganyaye, da waɗanda 'yan ƙwarin nan suka riga suka yi wa rauni, watau sau da yawa masifun biyu tare suke tafiya. Ku cire ganyayen da suka kamu ku ƙone, kada ku zuba su a bakin fangali. Ku ba da ruwa ta ƙasa da safe, ku bar zuba shi bisa lawashi da yamma ya kwana a jiƙe. Kada kuma ku cushe dashe. Ku bar kamar faɗin tafin hannu tsakanin wannan da wancan don iska ta ratsa.

Masu albasar damina su lura da wani ciwo dabam. Ganye yakan murɗe ya nannaɗe kamar igiya, ya yi rawaya, wuya ya yi tsawo ya sirance, kan kuwa ya ƙi girma. A kusa da Zariya aka fara ba da labarinsa a 1969, masana suka bincika suka tarar funfuna ce ke kawo shi, fantsamar ruwan sama kuma ke yaɗa shi daga wannan tushe zuwa wancan. Wanda ya murɗe ba ya miƙewa. Ku tuge shi tun yana ɗaya ko biyu, ku fitar da shi daga gonar.

Na uku shi ne gindi, nan ne kuwa mutane suka fi sakaci, don ba mai son tuge abin da ya dasa. Amma in lawashi yana rawaya daga tsini yana gangarowa, ba ƙwaro a wuya, ba tabo a ganye, tilas ku tuge guda ku gani. Lafiyayyar saiwa fara ce, tana riƙe ƙasa da ƙarfi. In ta tugu ba wuya, saiwar ta ruɓe, gindin ya yi ruwan ƙasa, watakila da farar funfuna, to, ciwon a cikin ƙasa yake, yana kuma daɗewa a cikinta shekara da shekaru. Ku hutar da wurin daga albasa da tafarnuwa shekara 3 ko 4, ku sa masara ko alkama. In kuwa gindin ya yi laushi yana ɗoyi, ku tuhumi ruwan da ke kwana cikin fangali. Idan saiwa fara ce tas, tsofaffin ganyaye kaɗai suka koɗe bai ɗaya, yunwa ce, taki take so. In kuma kai ya cika, wuya ya yi laushi, lawashi ya kwanta, ba ciwo ba ne, nuna ce. Ku ɗauke ruwa kamar mako 2 kafin cira, ku shanya a inuwa har wuyan ya bushe sarai, don ta ɗanyen wuya ruɓa ke shiga a ma'aji.

Ku kuwa dagatai da masu unguwanni, fadama ɗaya ce ta haɗa talakawanku, abin da ya kama fangalin wani gobe yana na maƙwabcinsa. Ku hore su su riƙa dashe lokaci guda, su kuma share ragowar lawashi bayan cira. In abu ya gagari ganewa, a tuge tushe 3 ko 4 duk da saiwarsu da 'yar ƙasarsu, a haɗa da lafiyayye guda don gwadawa, a naɗe a takarda, kada a sa a leda don takan dafa su, a kai wa malamin gona ran nan. A gaya masa watan da aka yi dashe, da yadda ake ban ruwa, da abin da aka shuka a wurin bara, da sunan duk maganin da aka riga aka fesa.