Yadda Ake Gane Namiji da Macen Zanzaro ta Hanyar Gado

Akwai waɗansu ƙananan zanzaro da ba sa gina ɗakin laka. Sukan saka ƙwansu a jikin waɗansu ƙwari, idan 'ya'yan suka ƙyanƙyashe sai su cinye mai masaukin nasu. Da yawa daga cikinsu abokan manomi ne. Irinsu aka kawo daga Kudancin Amurka aka saki a Ibadan a 1981, suka karya lagon farin ƙwaron nan mai lalata rogo.

Kafin a yi kiwon wani iri a sake shi a gona, wajibi ne a tabbatar da ko wane ne shi. A nan wahala take, domin sau da yawa namiji da mace ba su yi kama ba. A dangin Mutillidae, mace ba ta da fiffike, tana yawo a ƙasa kamar tururuwa, namiji kuwa yana tashi. Don haka masana suka sha ba iri guda suna biyu. A dangin Trichogramma kuma, wanda tsawonsa bai kai milimita 1 ba, da al'aurar namiji ake rarrabe iri. Wanda ya kama mata zalla bai kama komai ba.

A dā sai an dace an same su suna barbara, ko an ƙyanƙyashe su daga uwa ɗaya. A 2003 Paul Hebert na Jami'ar Guelph a Kanada ya gabatar da hanya mafi sauƙi. Akan cire ƙafa guda, a tatso sinadarin gado da ake kira DNA, a karanta wani yanki mai suna COI, mai haruffa wajen 650. Daga uwa kaɗai ake gadon wannan yanki. Wannan ya dace ƙwarai da zanzaro, gama namijinsu daga ƙwan da ba a barbara ba yake fitowa: ba shi da uba, amma yana ɗauke da yankin uwarsa daidai da 'yar'uwarsa. Idan haruffan namiji da na mace suka zo ɗaya, ko kusan ɗaya, akan ɗauke su iri guda.

Duk da haka masani mai hattara ba ya dogara da yanki ɗaya, domin iri biyu makusanta kan yi tarayya a cikinsa. Yakan ƙara karanta wani yankin, ya kuma koma ga madubin ƙara girma. Ana buƙatar malaman gona da ke tara waɗannan ƙwari su ajiye su cikin sinadarin itanol mai ƙarfi, nesa da rana, su rubuta wuri da ranar kamu.