Jijiyoyin da hoton MRI ba ya nunawa

A sashen ɗaukar hoto inda nake aiki, tambayar da 'yan uwan maras lafiya suka fi yi ita ce, "Likita, jijiyar ce ta toshe?" Idan na ce manyan jijiyoyin lafiyarsu ƙalau, sai in ga hankali ya kwanta. Alhali da sauran magana.

Jini yana ratsawa can cikin ƙwaƙwalwa ne ta wasu ƙananan jijiyoyi, da yawansu kaurinsu bai kai rabin milimita ba, mafi ƙanƙantarsu kuwa silin gashi ya fi su kauri nesa ba kusa ba. Na'urar MRI mai ƙarfin Tesla 1.5, irin wadda muke aiki da ita, ba ta fito da su. Ɓarnar da suka bari kawai muke gani: fararen tabo a tsakiyar ƙwaƙwalwa, 'yan ramuka inda nama ya mutu, da ɗigo-ɗigon tsohon jini da ya tsatso. Tun a shekarun 1960 wani likita a Boston, Miller Fisher, ya bi diddigin ramukan nan a ƙwaƙwalwar mamata, yanki bayan yanki, ya tarar ƙaramar jijiya ce ta lalace ta toshe, galibi a masu hawan jini. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na shanyewar ɓarin jiki da toshewar jijiya ke jawowa daga nan yake tasowa.

Yanzu dai an fara ganin jijiyoyin su kansu. A 2017 Amurka ta amince a riƙa duba marasa lafiya da MRI mai Tesla 7, wadda ke fito da jijiyoyin da ke shiga tsakiyar ƙwaƙwalwa ɗaya bayan ɗaya, cikin hoto mai tsawo da faɗi da zurfi da likita zai juya a kwamfuta ta kowane ɓangare. A 2020 kuma masu bincike a Faris da Munik suka wanke ƙwaƙwalwar ɓera da sinadarai har haske yana ratsa ta, suka zana taswirar jijiyoyinta kaf. Aikin ya burge ni ƙwarai, amma ɓera ne, kuma matacce. Ita ma mai Tesla 7, ko a Turai ba kowane babban asibiti ke da ita ba.

Damuwata tana nan gida. Binciken SIREN da aka yi a Najeriya da Gana, har da asibitocin koyarwa na Kano da Zariya, ya nuna a 2018 cewa hawan jini ne kan gaba wajen jawo shanyewar jiki a tsakaninmu. Shi kuwa shekaru yake yi yana cin jijiyoyin nan ba tare da ko ciwon kai ba. Sai a kawo dattijo ana cewa ya fara mantuwa, yana jan ƙafa, fitsari yana kufce masa, 'ya'yansa suna cewa ai tsufa ne. Mu ɗauki hoto mu ga tabo ko'ina. In ka bincika, ya ajiye maganin hawan jini tun bara saboda ya ji sauƙi.

Tabon da ya riga ya fito yawanci ba ya gogewa, amma daidaita hawan jini yana rage saurin ƙaruwarsa. Duk wanda aka taɓa yi wa hoton ƙwaƙwalwa ya adana faifan, ya zo da shi ranar da za a sake, domin sai mun jera tsoho da sabo muke gane ko ɓarnar tana ci gaba.