Warin murhu a ƙasar sanyi

A Faransa ana sanyi mai tsanani daga Disamba zuwa Fabrairu. Gidaje da yawa suna da murhu cikin bangon ɗaki, don jin ɗumi. Bisa murhun akwai bututu mai fitar da hayaƙi ta saman gida.

Wani lokaci murhun yakan cika ɗaki da wari, ko da babu wuta. Mi ke kawo haka? Ɗanyen icce ne. Hayaƙinsa yana yin sanyi cikin bututu, ya manne, ya zama baƙar kunkunniya mai danƙo. Ran da aka yi ruwa, ko iska ta komo ƙasa ta bututun, sai ƙaurinta ya sauko ɗaki. Jiƙaƙƙar toka ma tana wari. Wani sa'in tsuntsu ne ya mutu ciki.

Turare ba ya maganin wannan wari, ɓoye shi kawai yake yi, alhali kunkunniyar tana iya kama wuta ta ƙone gida. Sai a kwashe toka, a kira mai sharar bututu ya kankare shi da burushi mai doguwar sanda. Dokar ƙasar ta ce a yi haka aƙalla sau 1 a shekara. Icce kuwa a bar shi shekara 2 ya bushe.

Bututun da ya toshe yana maido wata iska mai guba, monoksid na karbon. Ita ba ta da wari ko kaɗan. A Nijar ma, lokacin ɗari, garwashin gawayi yana tara ta cikin rufaffen ɗaki, ta kashe mutum yana barci.