Faɗin Gaskiya a Gaban Masu Ɗaukar Aiki

Karatu: Matiyu 25:14-30

'Yan'uwa cikin Kristi, duk wanda ya taɓa zuwa intabiyu ya san tambayar nan da ba a rasa ta: "Wane matsayi kake fatan kaiwa nan da shekara biyar?" Da yawa daga cikinmu mukan amsa da abin da muke zato masu tambayar suna so su ji. Malamar da ba ta da burin da ya wuce koya wa yara karatu sai ta ce tana so ta zama shugabar makaranta. Magidancin da ke son komawa gida da yamma don kula da mahaifiyarsa sai ya ce ko'ina aka tura shi zai je.

Doka ta takwas ta hana mu shaidar zur, kuma ƙaryar da aka yi don samun abinci ita ma ƙarya ce. Mai ɗaukar aiki zai dogara da maganarmu, ya ɗora mana kayan da ba mu so, a kuma hana wani wanda yake so da gaske. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

To, rashin dogon buri laifi ne? Mu dubi karatunmu. Bawan da aka ba talanti biyu ya sami yabo daidai da wanda aka ba biyar, domin kowanne ya yi aiki da abin da ke hannunsa. Wanda aka hukunta shi ne wanda ya binne nasa a ƙasa. Ashe wadar zuci daban take da lalaci. Waliyyi Yusufu masassaƙi ne, da wannan sana'a ya ciyar da Yesu da Maryamu. A shekara ta 1955 Paparoma Pius na 12 ya keɓe 1 ga Mayu don tunawa da shi a matsayin ma'aikaci.

Yaya za mu amsa ke nan?

1. Mu faɗi abin da muke so, kada mu tsaya ga abin da ba mu so. Malamar nan tana iya cewa: "Ranka ya daɗe, burina in ƙware a aji, kowane yaro ya fita hannuna yana iya karatu."

2. Mu nuna cewa za mu ci gaba da koyo, ko da ba mu neman kujera.

3. Ba dole ne mu tona dukan sirrin gidanmu ba. Yin shiru a kan abin da bai shafi aikin ba, ba ƙarya ba ne.

Mai yiwuwa gaskiyar ta sa aikin ya kuɓuce mana, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai iyali. Amma wurin da ke neman mai son shugabanci kaɗai, ko mun shiga, da ƙyar mu zauna lafiya.

Tambayoyi don tattaunawa a ƙungiyoyinmu: Wace baiwa Allah ya ba ni? Rashin burina wadar zuci ne, ko tsoron ɗaukar nauyi?

Addu'a: Ya Ubangiji, ka ba masu neman aiki a cikinmu ƙarfin halin faɗin gaskiya, ka kuma buɗe musu ƙofar abinci. Waliyyi Yusufu ma'aikaci, ka yi addu'a dominmu. Amin.