Yadda Ake Sayen Kwamfutar Tebur Don Amfanin Gida

Tun daga 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta. Yaron da hannunsa bai saba da kibod da maus ba yakan ɓata lokaci wajen neman haruffa, alhali ya san amsa. Wannan kaɗai ya isa dalilin ajiye kwamfuta a gida. Ta tebur ta fi laftof sauƙin gyara, sau da yawa ta fi araha idan ƙarfinsu ɗaya, kuma tana zaune wuri guda inda iyaye ke ganin abin da yara suke yi. Ga matakan da za ka bi kafin ka ƙirga wa mai shago kuɗi.

Mataki na 1: Yanke aikin da za ta yi

Idan buga takardu ne, da karatun yara, da shiga intanet, matsakaiciya ta wadatar. Masu haɗa bidiyo ko zanen gine-gine ne ke bukatar katin hoto na musamman. Ka kuma ware kuɗin allo, da kibod, da maus, da UPS tun farko, domin farashin da ake faɗa maka sau da yawa na akwatin ne kawai.

Mataki na 2: Dubi zamanin furosesa

A nan aka fi cutar masu saye. A Farm Centre ta Kano ko Computer Village ta Legas za ka ji ana cewa "wannan Core i7 ce", sai mutum ya ɗauka ya sami babba. Ka nemi cikakkiyar lambar. Lambar farko bayan ɗan layin ita ce zamanin: i7-3770 ta zamani na uku ce, ta 2012, i5-8500 kuwa ta zamani na takwas ce, ta 2018, kuma ta fi waccan ƙarfi nesa ba kusa ba. Idan lambobin biyar ne, kamar i5-10500, biyun farko za ka karanta.

Kada ka sauka ƙasa da zamani na takwas. Microsoft ta kawo ƙarshen tallafin da ta saba ba Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 a ƙa'ida daga zamani na takwas take karɓa, ko Ryzen 2000 zuwa sama a ɓangaren AMD.

Mataki na 3: RAM da ma'ajiya

RAM kada ya gaza 8GB. Idan hali ya yi, 16GB ya fi. Ma'ajiya kuwa ka dage sai SSD, aƙalla 256GB. Mai shago zai iya kwaɗaita maka tsohon hadis mai 1TB, amma shi ne ke sa kwamfuta ta yi ta jan ƙafa wajen tashi.

Mataki na 4: Zaɓi girman da ya dace da wutarka

Idan sola ko inbata kake amfani da su, nemi ƙananan nan irin Dell OptiPlex Micro, HP EliteDesk Mini ko Lenovo ThinkCentre Tiny. Da yawansu adaftar wat 65 suke amfani da ita, kamar laftof. Babban akwati ya fi cin wuta, sai dai ya fi wurin ƙarin kaya.

Mataki na 5: Gwada ta a gaban mai shago

Gani ya kori ji. Sa a kunna ta, ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, ka shiga Performance. A nan za ka ga furosesa, da yawan RAM, da ko SSD ce da gaske. Soka filash a kowane ramin USB. Buɗe farin shafi a allon ka duba ɗigo ko layi. Saurari fanka: idan tana kururuwa alhali ba a aikin komai, akwai matsalar zafi. Tabbatar ba a kulle BIOS da kalmar sirri ba. Tambaya ko tana da Wi-Fi, domin kwamfutocin ofis na hannu da yawa ba su da shi, sai an saya musu 'yar adafta. Duba kuma ko wayar allon ta dace da ramin akwatin, HDMI ne, DisplayPort ko VGA.

Mataki na 6: Karɓi takarda

A rubuta a rasit lambar na'urar, da abin da ke cikinta, da kwanakin garanti. Alkawarin baki ba ya tsayawa ranar rigima.

Mataki na 7: Kare ta a gida

Wasu tsofaffin akwatunan da aka shigo da su daga Amurka suna da ɗan jan makunni a baya mai 115 da 230. Tabbatar yana kan 230 kafin ka jona, in ba haka ba nan take za ta ƙone. Jona ta ta UPS, domin ba ta da batir, kuma ɗaukewar wuta kwatsam na lalata aiki da ma'ajiya. Ɗora ta a tebur, ka bar mata sararin shan iska, ka rufe ta da ƙyalle bayan an kashe, musamman lokacin ƙurar hunturu.

Idan kuɗinka bai kai zamani na takwas da SSD da UPS ba, ka ƙara haƙuri ka tara. Araha ba ta ado.