Jirgin Yaƙin Warrior: Yadda Ƙarfe da Tururi Suka Maye Gurbin Katako da Iska

Ɗaruruwan shekaru, da katako ake ƙera jiragen ruwan yaƙi, iska kuma ita ke tura su ta hanyar manyan filafilai. A tsakiyar ƙarni na 19 wannan tsari ya rushe cikin 'yan shekaru kaɗan. A wannan darasi za mu duba tarihin jirgi guda na ƙasar Ingila mai suna Warrior, wato Mayaƙi, domin mu ga yadda kimiyya ta kawo wannan canji.

Dalilin ƙera shi

A shekarar 1853, a tashar Sinop da ke bakin Baƙin Teku, jiragen Rasha suka ragargaza na Turkawa da harsasan igwa masu fashewa. Ta nan aka gane katako ba zai iya jure irin wannan makami ba. Faransa ce ta fara ɗaukar mataki. A 1859 ta saka jirgin La Gloire a ruwa, wanda jikinsa katako ne amma an yi masa sulken ƙarfe. Hankalin Ingila ya tashi, domin tsibiri ce, kuma tsaronta da cinikinta duka a kan teku suka dogara. Sai ta ƙudura niyyar ƙera wanda ya fi shi girma da gudu.

An fara aikin a 1859 a Blackwall, bakin kogin Thames a Landan, bisa zanen Isaac Watts da injiniya Thomas Lloyd. Aka saka shi a ruwa ran 29 ga Disamba, 1860, cikin sanyi mai tsanani, har jirgin ya daskare a kan magangararsa, sai da aka sa wasu jirage suka ja shi. Ya fara aiki a 1861.

Yadda aka gina shi

Tsawonsa mita 128 ne, nauyinsa kuwa ya ɗan haura tan 9,000. Jikinsa duk ƙarfe ne. A tsakiyarsa, inda igwogi da injin suke, an yi masa sulken ƙarfe mai kaurin inci 4 da rabi, a bayan sulken kuma aka jera katakon tik mai kaurin inci 18, domin ya rage ƙarfin dukan harsashi. Yana ɗauke da igwogi 40 da ma'aikata kimanin 700.

Ɗalibi zai iya tambaya: yaya ƙarfe mai wannan nauyi zai tsaya a kan ruwa? Ku jefa ƙusa a cikin bokitin ruwa, za ta nutse; ku ɗora kwanon ƙarfe, zai yi ta yawo a sama. Dalili kuwa shi ne, ruwa yana tura abu sama da ƙarfin da ya yi daidai da nauyin ruwan da abin ya ture. Wannan ita ce ƙa'idar Arkimidis. Jirgin faffaɗa ne, cikinsa kuma akasari iska ce, saboda haka yana ture ruwan da ya kai nauyinsa tun bai nutse ba.

Injinsa na tururi aikin kamfanin John Penn ne. Ana ƙona kwal a ƙarƙashin manyan tukwane 10. Idan ruwa ya tafasa ya zama tururi, yakan nemi wuri fiye da sau dubu na wanda ya ci tun yana ruwa. Wannan matsi shi ke tura fistin gaba da baya, shi kuma ya juya farfela a bayan jirgin. Da injin kaɗai yana gudun kilomita 26 a awa, da filafilai kaɗai kimanin 24, idan an haɗa biyun kuwa yakan kai 32. An bar masa filafilai ne saboda kwal ɗin da yake ɗauka, wajen tan 850, ba ya isa doguwar tafiya. Idan za a yi tafiya da iska, sai a ɗaga farfelar daga ruwa don kada ta rage masa gudu.

Abokan gaba masu rai

Akwai wata halitta a teku da masana ke kira Teredo. Kamanninta na tsutsa ne, amma dangin dodon koɗi ce. Tana huda katako ta zauna a ciki, kamar yadda gara ke cin azara. Tun ƙarni na 18 ake lulluɓe gindin jiragen katako da jan ƙarfe domin hana ta, kuma jan ƙarfen yana hana ciyayin teku da ƙananan halittu masu ɓawo maƙalewa.

Teredo ba ta iya huda ƙarfe, sai dai an gudu ba a tsira ba. Ciyayi da masu ɓawo suna manne wa ƙarfe sosai, su sa jikin jirgi ya yi kaushi, gudunsa ya ragu, cin kwal ya ƙaru. Ba a kuma iya manna masa jan ƙarfe kai tsaye, domin idan ƙarafan biyu suka haɗu a ruwan gishiri, sai su zama tamkar batir, baƙin ƙarfen ya riƙa narkewa. Dole aka riƙa fitar da irin waɗannan jirage daga ruwa ana kankare su, ana shafa musu fenti mai guba.

Ƙarshen zamaninsa

Warrior bai taɓa harba igwa a fagen fama ba. Daga cikin ayyukansa, a 1869 ya taimaka wajen jan wata babbar ma'ajiyar gyaran jirage zuwa tsibirin Bamuda. Cikin shekaru goma aka sami igwogin da ke huda sulkensa, aka kuma inganta injuna. A 1871 Ingila ta saka Devastation a ruwa, jirgin da ba shi da filafilai ko kaɗan. Aka mayar da Warrior cikin jiragen ajiya a 1875, ya daina fita teku a 1883.

Daga 1904 ya yi wa wata makarantar sojan ruwa aiki a Portsmouth. A 1929 aka kai shi yankin Wales, inda ya shekara 50 a matsayin matsayar da jirage ke shan mai. A 1979 aka ja shi zuwa Hartlepool, aka shekara takwas ana gyaransa, sannan ya koma Portsmouth a 1987, inda ya zama gidan tarihi. Ƙarfen jikinsa ne ya sa ya kai wannan lokaci; La Gloire mai jikin katako an wargaza shi tun 1883.

Tambayoyi

1. Me ya sa kwano ke yawo a kan ruwa, ƙusa kuwa ta nutse?
2. Don me aka bar wa Warrior filafilai alhali yana da inji?
3. Bayyana dalilin da ya hana a manna jan ƙarfe a jikin jirgin ƙarfe.