Anya Nan Wurina Ne?

Akwai tambayar da ke cin ran sabon ɗalibi, ba ya furta ta: anya nan wurina ne? Kowa na yin ta, amma ta fi nauyi ga wanda irinsa ba su da yawa a aji.

A 2011, masana biyu a Amurka, Gregory Walton da Geoffrey Cohen, sun wallafa wani bincike a mujallar Science. Sun ba sababbin ɗalibai bayanan na gaba da su, masu cewa kowa ya sha kaɗaici da farko, kuma yana wucewa. Sannan suka sa su rubuta nasu labarin domin masu zuwa. Bayan shekara uku, tazarar maki tsakanin baƙaƙen fata da farare ta ragu da kusan rabi, baƙaƙen kuma suka rage zuwa ganin likita. A 2015 an wallafa irin wannan gwaji daga Jami'ar Waterloo ta Kanada: makin mata ya tashi a sassan injiniya da maza suka mamaye.

Ga yadda na fahimci dalilin. Wanda ke zargin ba a son irinsa, da ya faɗi gwaji ɗaya sai ya ce "ka gani ko?", ya daina tambaya, ya ja baya.

Mu nan launin fata ba shi ne damuwarmu ba. Amma leƙa ajin kanikanci ka ƙirga matan, ko ka dubi wanda ba ya jin yaren garin.

Don haka 'yan ND II da HND, ku daina nuna kamar ba ku taɓa shan wuya ba. Ku gaya wa ƙannenku gaskiya.